Taron shekara ashirin: liyafa a birni, ko mu koma ƙauyen da muka koyi aiki?

Nura (Sakatare): Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwamitin da kuka naɗa ya zauna jiya bayan Isha'i, ga abin da muka tsayar kafin mu ji ta bakinku. Taronmu na cika shekara ashirin da fita daga makarantar likitanci zai kasance ƙarshen Disamba, lokacin da na waje suke samun hutu. Ranar Juma'a mu kai ziyara makaranta, mu gaida malamanmu, mu yi wa waɗanda suka riga mu gidan gaskiya addu'a. Asabar da daddare liyafar cin abinci a ɗaya daga cikin manyan ɗakunan taro na Kano, a nan za a ƙaddamar da gidauniya. Za mu gayyaci manyan 'yan kasuwa da masu riƙe da muƙamai, a ba wasu lambar yabo. Abin da aka tara a gina wa makaranta ɗakin karatu mai ɗauke da sunan ajinmu. Kowa ya faɗi ra'ayinsa tun ba mu ba da kafin alƙalami na ɗakin taron ba.

Aminu (Jidda): Wa alaikumus salam. Allah ya saka wa kwamiti da alheri. A sa ni a lissafi, har na fara neman hutu.

Asma'u: Madalla. Anko fa? A fitar da wuri, Disamba teloli cike suke da ɗinkin biki.

Sa'idu: Salam. Sakatare, sannunku da ƙoƙari. Ba don in rushe abin da kuka gina zan yi magana ba, amma zuciyata ba ta kwanta da tsarin nan ba, kuma gara in faɗa tun ba a kashe ko kwabo ba.

Cibiyar lafiyar da aka kai mu zaman ƙauye muna aji biyar, asibitin da nake aiki take turo wa marasa lafiyarta, don haka nakan bi ta can. Gidan da muka kwana a ciki, iskar farkon damina ta yaye rufin ɗakuna biyu, famfon burtsatsen ya tsaya, wuta kuwa an manta rabon da a gan ta. Saboda haka ɗalibai sun daina kwana. Mota take sauke su da hantsi, su shiga gidaje su cike takardun tambayoyi, kafin la'asar sakaliya sun kama hanyar birni. Me yaro zai koya a haka? Mu abin da ya zauna mana a kai ai ba da rana muka gan shi ba. Tsakar dare ake buga ƙofa, an kawo mace a amalanke tana jijjiga, ko yaro tafin hannunsa fari fat, zazzaɓin cizon sauro ya shanye masa jini, ba ɗakin gwaji, ba babban likita, daga kai sai malamin asibiti da fitila. Wannan malamin shi ya koya wa da yawa daga cikinmu neman jijiya a hannun jariri.

Jigawa ƙananan hukumomi 27 gare ta, Kano 44, kuma akasarin mutanensu a karkara suke. Mu likitocin mun taru a Kano da Dutse da Abuja, ban da waɗanda suka ƙetare. Ɗalibin da bai taɓa kwana a ƙauye ba, ranar da aka tura shi Guri ko Birniwa ko Sule Tankarkar, tun daga sakatariya zai fara neman wanda zai sauya masa wuri, domin tsoron abin da bai sani ba yake ji. Idan muna son yi wa makarantarmu abin da zai ƙara mata daraja, mu mayar mata da wannan ajin da ta rasa.

Shawarata, a gyara gidan, a sa sola, a tayar da ruwa, a kai firjin ajiye jini cibiyar. Taron Asabar kuma a yi shi can da rana, mu duba marasa lafiya da safe, mu ci tuwo da mutanen gari, mu dawo. Kuɗin ɗakin taro da abincin otal da mai gabatarwa da allunan lambar yabo, in aka haɗa su, sun rufe gidan nan har da canji.

Kabiru (Abuja): Sa'idu, Allah ya biya ka zaman da kake yi a can, ba kowa zai iya ba. Amma ka manta ta ƙofar liyafar nan kuɗin zai shigo. Mu nawa ne a ajin? In ka cire waɗanda suka rasu, da waɗanda albashi ya daina kai su ƙarshen wata tun da aka cire tallafin mai a 2023, karo-karonmu ba zai wuce kwano da fenti ba. Kuɗin gaske yana hannun 'yan Kantin Kwari da Singa da Dawanau, da masu kamfanoni, da 'yan siyasa. Waɗannan mutane ba za su bi ka hanyar da rabinta burji ce su zauna ƙarƙashin rumfa ba. Suna zuwa inda takwarorinsu suke, inda in wane ya ce miliyan kaza, shi ma ba zai yarda a bar shi a baya ba. Dubi ƙungiyoyin tsofaffin ɗaliban da suka daɗe, na Barewa, na Rumfa, na Birnin Kudu, na makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu. Ƙarfinsu daga taro yake, da manyan da suke halarta.

Sannan kada mu raina zumuncin kansa. Akwai wanda rabona da shi tun ranar rantsuwa. Shekara shida muka yi tare, ban da ƙarin da yajin aiki ya yi mana, mun jiƙa garin kwaki a kwano ɗaya, mun raba dare a ɗakin fiɗar gawa muna haddar jijiyoyi. Matan 'yan uwanmu da suka rasu da 'ya'yansu ma muna so su zo su ga ba a manta da su ba. Wannan yana son wuri mai kyau, kuma ni ban ɗauke shi almubazzaranci ba.

Bilkisu (Ma'aji): Tunda ni zan riƙe littafi, bari in faɗi abin da na gani da idona a wata ƙungiya da na yi wa ma'aji. An yi ƙaddamarwa, wuri ya cika, babban baƙo ya turo wakili, wakili ya karɓi lasifika ya ambaci adadi, aka yi kabbara. Washegari rediyo ta faɗi jimillar da aka ce an tara. Abin da ya shigo asusu a daren bai biya ɗakin taro da abinci ba, sauran duk alƙawari ne. Na yi ta sintiri ofis-ofis, yau a ce Alhaji ya yi tafiya, gobe a ce a kawo takarda. Wani cak ɗin ma banki ya dawo da shi. Mafi ciwo, mutanen da aka yi abin dominsu sun ji adadin a rediyo, suka ɗauka kuɗin yana hannunmu mun danne. Har yau akwai wanda ba ya amsa sallamata.

Don haka ko liyafa za a yi ko ƙauye za a je, ina da sharuɗɗa, kuma ba zan riƙe asusu ba sai da su. Ba a sanar da kuɗin da bai shigo ba, wanda ya yi niyya ya tura, mu ga saƙon banki. Kuɗin ci da sha daban, daga aljihun masu ci, ba a taɓa na gidauniya. Kuma a yi wa ƙungiyar rajista da amintattunta a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a buɗe asusu da sunanta, mutum uku su riƙa sa hannu. Yanzu haka karo-karonku a asusuna na kaina yake, hankalina bai kwanta ba.

Kabiru (Abuja): Hajiya Ma'aji, na yarda da sauran, na farkon ne zai kori mutane. Babban mutum ba ya ciro waya a gaban jama'a yana danna lambar asusu, yaronsa ne yake turawa bayan kwana biyu.

Bilkisu (Ma'aji): To a sanar bayan kwana biyun.

Bashir: Assalamu alaikum. Wasu sun biyo ni ta gefe suna tambaya kan sanar da sadaka a bainar jama'a, da kuma ko za a iya zuba zakka a gidauniyar, to bari in amsa a nan kowa ya gani. Bayyana sadaka ba laifi ba ne. Aya ta 271 a Suratul Baƙara ta yaba wa bayyanawa, sannan ta nuna ɓoyewa a ba matalauta ya fi alheri. Idan bayyanawar za ta zaburar da wani, madalla, in dai niyya ta gyaru. Abin da ba shi da kyau shi ne mutum ya faɗi abin da ya san ba zai bayar ba, ya karɓi yabo a kan iska. Mu kuma da muka shirya dandalin da ake yin haka muna da kaso a ciki.

Zakka kuwa, aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade kashi takwas na waɗanda ake ba. Abin da malamanmu na Malikiyya suka tafi a kai shi ne ba a gina masallaci ko makaranta da ita. Kenan ɗakin karatu ko gidan kwanan ɗalibai ba za su ci zakka ba. Amma ɗalibi matalauci da ya kasa biyan rajista, ko majinyacin da bashin magani ya danne, waɗannan suna ciki. Shawarata a raba asusu biyu, na zakka da ake miƙa wa masu ita, da na waƙafi da sadaka da za a yi gini da sayen kaya. 'Yan kasuwar da Kabiru ya ambata da yawansu suna fitar da zakka duk shekara, kuma a iya mu'amalata da su sun fi sakin hannu idan ka same su a gida da takardar makarantar yaro, ba a gaban kyamara ba.

Zainab: Ni da nake koyarwa a makarantar, ku ba ni dama in ce wani abu kan ɗakin karatun. Gini shi ne abin da ya fi sauƙin samu. TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, tana gina azuzuwa da ɗakunan gwaji a jami'o'in gwamnati, kuma kowane mai kuɗi yana son bangon da zai manna sunansa. Mutane ne ba mu da su. MDCN, hukumar da ke kula da aikin likitoci, tana ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka, kuma tana duba yawan malamai, da gadajen asibitin koyarwa, da kayan aiki. Malamai kuwa kullum raguwa suke, wanda ya gama ƙwarewa bana, baɗi yana Saudiyya ko Ingila. Akwai fannin da mutum ɗaya ne yake koyarwa, ya duba marasa lafiya, ya shiga tiyata, ya shirya jarrabawa.

Sai ɗalibai. Bayan ƙarin kuɗin rajista da jami'o'i da yawa suka yi a 2023, yaran karkara su suka fi jin jiki. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ya taimaka, yana biyan rajista, ya ba wanda ya nema naira 20,000 a wata. Amma ɗalibin ajin asibiti da zai ci abinci, ya hau mota, ya sayi abin sauraren ƙirji da farar riga da littattafai, wannan kuɗin ba ya kai shi ko'ina. Ina da ɗalibar da sai mahaifinta ya sayar da riɗi da kaka sannan take biyan bashin abincin da ta ci tun damina. Irin waɗannan in suka faɗi babbar jarrabawa, yawanci yunwa ce da tunani suka kayar da su. Kuma su ne in sun gama za su fi yarda su koma gida aiki, domin can iyayensu suke.

Game da zaman ƙauye, abin da Sa'idu ya faɗa haka yake. Sashen lafiyar al'umma ba da son ransa ya mayar da shi jeka-ka-dawo ba. Ba za ka kwantar da 'yan mata a gidan da ba ƙofa ba ruwa ba. In an gyara, aka yi katanga, aka samu mai gadi, ni zan kai maganar gaban shugaban sashe da kaina.

Maryam: Yaya Sa'idu, ina bayanka a gyaran gida, amma firjin jini ina so mu tsaya a kai. Jini yana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 6 dare da rana, ba ya wuce kwana 35 a ledar da muka saba amfani da ita, kuma kafin a ɗaura shi sai an gwada rukuni, an tabbatar ba ƙanjamau, ba ciwon hanta, ba tunjere. Wa zai yi wannan a cibiyar da ba ta da ma'aikacin ɗakin gwaji? Wa zai ba da jinin? Ka fi ni sanin yadda ake fama da dangi kafin mutum ɗaya ya miƙa hannu. Firjin ya fi dacewa da asibitinka, cibiyar kuma a ba ta abin da zai hana mace kaiwa ga neman jini.

Kuma an san abin. Binciken E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, wanda aka yi a asibitocin Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa, ya nuna an rage mummunan zubar jini bayan haihuwa da kusan kashi 60 cikin 100. Wata leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mai jego, jinin ya taru a gani da ido, a daina kintace. Da ya kai ma'aunin haɗari sai a yi komai lokaci ɗaya: a murza mahaifa, a ba da oksitosin, allurar da ke matse mahaifa, a ba da taranezamik, maganin tsayar da jini, a sa ruwa, a duba inda ya yage, in ya ƙi tsayawa a tura gaba. Ba injin miliyoyi a ciki. Ungozomar da ta iya ake buƙata, da leda, da magani mai kyau. Oksitosin kuma zafin Jigawa yana rage masa ƙarfi in ba a sanyi yake ba, to a nan sola da ƙaramin firji za su yi aiki.

Ku dubi Jahun. Tun 2008 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suke aikin haihuwa da gyaran yoyon fitsari a babban asibitin garin, mata suna ta zuwa daga nesa. Da yawansu a ƙauye matsalar ta faro, naƙuda ta daɗe ba wanda ya gane. Ni na ɗauki nauyin horar da ungozomomin cibiyar da na ƙauyukan kewaye, in dai za a saya musu kayan.

Sa'idu: Na karɓa, Maryam. Abin da ya sa jini yake raina, tun fashewar tankar mai a Majiya a Oktoban 2024, inda mutum sama da 150 suka rasu, duk wanda yake aiki a yankin nan ya ga yadda jini da ruwa da hannun ma'aikata suke ƙarewa cikin ɗan lokaci. Amma wannan maganar babban asibiti ce, a bar ta sai zagaye na biyu.

Usman (Amurka): Asibitin da nake aiki yana sauya kaya. Akwai na'urorin duba bugun zuciya da gadaje da injin sikanin da za a iya ba mu kyauta. In ƙungiya za ta biya kwantena, ni zan tattara.

Sa'idu: Allah ya saka, Usman, amma ka duba mana wutar da suke ci tukuna. Kayan Amurka yawanci na wuta mai ƙarfin volt 110 ne, tamu 230, na ga injin da aka jona ranar farko ya ƙone. Wanda ya tsira kuma, ranar da wani ɗan ƙarfe ya lalace babu mai shi a Kano ko Legas. Asibitocin karkara da yawa suna da ɗakin da aka tara irin waɗannan kyaututtuka, ƙura ta rufe su. Ga kuɗin fito a tashar jiragen ruwa. In dai injin sikanin ƙarami ne mai batir, wanda ake ɗauka a hannu, wannan kam ka riƙo shi a jakarka, zai fara aiki a ɗakin awo ranar da ya iso.

Asma'u: Ni dai a ganina, da waɗanda suka tafi sun zauna, da ba mu kai ga neman tsofaffin injuna ba. Talakan ƙasar nan ne ya biya kuɗin karatunmu.

Usman (Amurka): Asma'u, maganarki ta yi zafi, amma ba zan ce ƙarya ba ce. Kusan kyauta muka yi karatu, kuma ba ranar da ba na tunawa. Na tafi ne lokacin da albashina ya kasa riƙe gidanmu, ni ne babba, ƙanne na bayana. Ba zan iya dawowa gobe ba. Zainab ta ce ba malamai, to ta ba ni aji. Zan koyar ta intanet duk mako a fannina, kuma duk zuwan da na yi gida zan ba da mako guda a asibitin Sa'idu. A rubuta, a tuhume ni in na saɓa.

Aminu (Jidda): Ni ma a sa ni cikin masu koyarwa. Kuma mu na waje kowa ya ɗauki ɗalibi ɗaya har ya gama, da canjin yanzu ba zai gagare mu ba.

Nura (Sakatare): Malam yana cikin zauren nan yana karantawa. Ranka ya daɗe, ko za ku sa mana baki?

Malam: Wa alaikumus salam, 'ya'yana. Na karanta duka, kuma na ji daɗi da har yanzu kuna iya musu a kan marasa lafiya. Ni na kai ajinku garin nan, kuma kafin in kai ku sai da na zauna gaban hakimi na nemi izini. Duk cikin maganganunku ban ji wanda ya ce a tambayi mutanen garin ba. Ku je ku gaida hakimi da dagaci, ku zauna da kwamitin ci gaban mazaɓa, da mai kula da cibiyar, da matan da suke zuwa awo. Mai yiwuwa abin da ya fi damunsu ba ya cikin lissafinku. Wataƙila yadda za a fitar da mai naƙuda ne da damina, lokacin da ruwan kogin Haɗeja ya yanke hanya kamar yadda ya yi a 2022. Cibiyar kuma tana da masu ita, hukumar lafiya matakin farko ta jiha da ƙaramar hukuma. Ku rubuta musu, ku karɓi amsa a rubuce, don kada ku gyara gida a wayi gari an ba wani ma'aikaci ya tare da iyalinsa.

Sai abin da na fi so ku riƙe. Sola tana son mai goge mata ƙura da hunturu, batir yana mutuwa bayan 'yan shekaru, zafin bazara yana gaggauta shi, famfo yana son makaniki. Duk abin da kuka tara ku ware kashi ɗaya cikin huɗu don gyara, kada ku taɓa. Na ga ayyukan tsofaffin ɗalibai da yawa, allon sunan yana nan, abin da aka kafa allon dominsa ya mutu.

Kabiru kuma kada ku yar da maganarsa. Ku ci abinci tare, ku kawo iyalanku, ku kira marayun 'yan uwanku. Lambar yabo kuwa, in za ku bayar, malamin asibitin da Sa'idu ya ambata yana raye, a garin ya yi ritaya. Akwai matan da suka share muku ɗakunan marasa lafiya, da ma'aikatan jinyar da suka rufa muku asiri a gaban manyan likitoci. Ni ba na buƙata.

Kabiru (Abuja): Allah ya ƙara wa Malam lafiya da nisan kwana. Na sauko daga maganar otal. A yi walima bayan sallar Juma'a a harabar makaranta, kowa ya biya farantinsa. Amma ban sauka daga neman manya ba. Ku ba ni takarda mai hoton gidan nan da ƙiyasin injiniya, da bayanin ɗaliban da Zainab za ta tantance a sirrance, ni da Bashir mu bi su gida-gida kafin taro. Wanda ya bayar a gayyace shi ya zo ya ga inda kuɗinsa ya shiga.

Bilkisu (Ma'aji): 'Yan kasuwa na yarda. 'Yan siyasa fa? Zaɓen 2027 ya ƙarato. Wanda ya ba mu buhun siminti goma zai turo a liƙa hotonsa a bangon cibiyar, ɗaya ɓangaren kuma su ɗauke mu 'yan adawa. Sa'idu ne zai zauna da abin bayan mun watse.

Kabiru (Abuja): Ɗan majalisar yankin fa? Hanyar nan in ba shi ba, wa zai sa a zuba mata ko da burji? Ba za ka shiga gari ka yi aiki ka ƙi gaida wakilinsa ba.

Sa'idu: A gaishe shi, a sanar da shi, kamar yadda za a sanar da shugaban ƙaramar hukuma. Amma kada a ba kowa lasifika, kuma kada hoton kowa ya hau bango. In ba haka ba, ranar da mulki ya juya, ungozomar da Maryam ta horar ita za a fara ɗaukewa.

Kabiru (Abuja): Ban gamsu ba. Mutum ya zo da ƙafarsa a hana shi ko gaisuwa ga jama'arsa, wannan cin fuska ne.

Nura (Sakatare): To, maganar 'yan siyasa ba a daidaita ba, zan sa ƙuri'a a nan daren Juma'a. Ɗakin taron na Kano zan kira su in janye. Hajiya Ma'aji ta fara batun rajista, tana neman sunayen amintattu, wanda ya yarda ya yi mata magana. Asma'u, anko ki zaɓi yadin da kowa zai iya saye. Ba za a sa hannu a kowane gini ba sai masu zuwa garin sun dawo da rahoto.

Sa'idu: Zan aika wa hakimi gobe in Allah ya yarda, ya ba mu rana. Zainab, ki zo da wasiƙar sashe in ta samu. Kuma ina roƙon mata biyu ko uku daga cikinku su biyo mu, matan garin ba za su saki jiki da ni ba a kan maganar haihuwa.

Maryam: Zan zo, Yaya. Amma ka tambayi mai kula da cibiyar ranar da suke awo, a sa ta ranar, don mu tarar da matan a wurin. Kuma ka ce a kira ungozomomin gargajiya na ƙauyukan, su ne suke karɓar haihuwar da ba ta zuwa asibiti.